Taku Tara Daga Goruba

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Bukar marubuci, wanda mutanen Haɗejiya suke kira Gwani Babarbare, zuwa ga matarsa Falmata. Sallama da gaisuwa, irin wadda ban iya yi miki ba lokacin da kina ji.

Bayan haka, na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Babu ayarin da zan ba saƙo zuwa inda kike. Ko da kina raye ma ni zan karanta miki, ke kuma ki ce in rage murya maƙwabta suna ji. Amma akwai shawara a gabana, kuma shekara ashirin da biyu da muka yi tare a garin nan ban taɓa neman shawararki ba. Bari in nema sau ɗaya, ko da a makare.

Zan fara da labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. 'Yarmu Bintu tana lafiya a Guri. Ta haihu bayan kaka, mace, an sa mata sunanki. Bintu ba ta iya kiran sunan, sai Inna take ce mata. Mijinta, masuncin nan da na rantse ba zan ba shi 'yata ba saboda ƙarnin kifi, mutumin kirki ne. Duk wanda zai shigo birni sai ya ba shi busasshen kifi ya kawo mini. Ke kika yi gaskiya a kansa, ni na yi kuskure. Ga shi na rubuta da hannuna.

Daga gabas kuwa labarin ba daɗi. Fataken kanwa sun ce ƙanenki Modu ya rasu bara. Gidan mahaifiyarki ya zube, wani ya shuka gero a wurin. Tsamiyar ƙofar gida tana nan. Na tambayi mutum biyar daga cikin waɗanda muka sani a garinmu na bakin Komadugu, huɗu sun riga mu gidan gaskiya, na biyar ya makance.

Nan kuwa ruwa ya janye daga fadama, an gama yankan shinkafa. Bafulatanar nan mai nono da kuke tsokanar juna tana zuwa har yanzu. Ta ce tun da uwargijiyata ta tafi na zama bawa marar ubangida, in zo ruga ta ba ni kiwon maruƙa. Ita kaɗai ce take yi mini wasa a garin nan.

To ga maganar. Kin tuna Madugu Ilu, mai kawo takarda daga Kano. Ya zo da saƙo daga wani attajiri na can, wanda yake neman marubuci mai hannun Barno ya zauna a gidansa yana rubuta masa Alƙur'ani, Larabawa suna saye suna ƙetare hamada da shi. Ya yi alkawarin ɗaki mai haske, da ci da sha, da takarda mai tambarin jinjirin wata uku ba yankewa. Ayari zai tashi ranar Alhamis, kafin ruwan farko ya ɓata hanya. Madugu yana jiran amsata.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya biya. Tun da maigidan da ya kawo mu garin nan ya rasu, 'ya'yansa ba su da bukatar marubuci. Ba su kore ni ba, ba su hana ni hatsi ba, kada in zalunce su. Sai dai sun manta dalilin zamana. Mutane suna zuwa, amma laya suke so da rubutun sha. Shekara biyu ke nan ban buɗe Fatiha a kan sabuwar takarda ba. Idona kuma ya fara gajiya. In la'asar ta yi, wasalin ja yakan haɗe mini da baƙi. Ina jin saura mini Alƙur'ani biyu, in Allah ya yi jinkiri uku. Zan zauna da su a cikin hannu har su mutu tare da ni?

Amma da Madugu yake magana, sai na ji kamar na taɓa jin waɗannan kalmomi. Ɗaki, ci da sha, takarda. Haka aka ce mini a can gida, na shigo na ce miki ki ɗaure kaya, damina biyu za mu yi mu dawo. Kika bar turminki wurin maƙwabciya da sunan aro. Kika ƙi ɗauko tabarmar aurenki, wai kada hanya ta lalata ta a banza. Damina biyu, Falmata.

Sau uku kika tambaye ni komawa. Na farko da aka yaye Bintu. Na biyu da labarin rasuwar mahaifiyarki ya iso, wata huɗu bayan an binne ta. Na uku a shekarun yaƙi, lokacin da ake rufe ƙofofin gari tun rana ba ta faɗi ba. A na ukun na ce miki mace ba ta da gari sai na mijinta. Daga ranar ba ki sake tambaya ba, ni kuma na ɗauki shirunki yarda ce. Ba don zaman ya yi mini daɗi na ƙi ba. Har yau Babarbare suke ce mini, ko a sahun masallaci in an rasa wanda zai ja salla sai a waiwaya a tsallake ni. Kunya ce ta hana ni. Na fito da sunan zan koma da abin nunawa, ban samu ba.

Na san dalilin da ya sa kike zuwa ɗiban ruwa kogi alhali ga rijiya a unguwa. Kin taɓa ce mini wannan ruwan gida za shi, zai bi ta Guri, ya wuce ƙasar Bade, ya wanke ƙafar garinmu kafin ya faɗa Cadi. Wata rana na gan ki kin saki ludayi a kan ruwa kina binsa da ido. Na yi miki faɗan ɓarnar kaya. Me ya sa ban tsaya kusa da ke mun kalle shi tare ba?

Akwai wata kuma. Duk wanda ya buɗe rubutuna sai ya yabi baƙin tawadar. Nakan ce sirri ne na gado daga malamina. Ƙarya nake yi. Ke kike jiƙa bagaruwa, ke kike zuwa gidan maƙera ki roƙo kashin maƙera, wato dattin ƙarfe, ke kike tsince ƙaro ki dafa ki tace. Sai ki ɗiga a farcen babban yatsa, ki ɗaga wa rana, ki ce da saura, ko ki ce ta yi. Kina bayan zana kina jin ina karɓar yabon, ba ki taɓa tari ba. Bayan kin tafi na gwada da kaina. Ta farko ta koɗe ta koma kalar ƙasa. Ta biyu ta cinye takarda. Shekara ashirin da biyu ina kallonki kina yi, ban taɓa tambayar ko me kike dubawa a farcen ba. Ɗan dunƙulen da kika busar na ƙarshe na ajiye shi a cikin kurtu. Yau na jiƙa shi. Da shi nake rubuta miki wannan.

Yanzu zan gaya miki abin da ya fi yi mini nauyi.

Da Madugu ya kawo saƙon, abin da ya fara tsaya mini a rai kabarinki ne. Kin san maƙabartar unguwarmu, bayan ganuwa ta wajen fadama. In ruwa ya yi yawa yakan hau ta, ya shafe tudun ƙasa, ya kwashe ƙaya. Wanda ba shi da mai tayar masa, damina biyu ta isa a rasa inda yake. Ranar da muka kai ki na ƙirga a zuciyata: taku tara daga gindin goruba, in ka fuskanci kogi. A daminar farko masassara ta kwantar da ni, Bintu ta sa aka ɗauke ni zuwa Guri, ban dawo ba sai da ruwa ya janye. Na je, na sami gorubar, na yi taku tara, na ga wuri ya lotsa da fasassun tukwane. Na tayar da ƙasa, na saro ƙaya na rufa saboda kuraye. Tun daga nan kowace Jumma'a ina can. Shekara uku. A can nake gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba.

Jiya na je wurin Baba Tanko, tsohon da yake yi mana haƙan kabari, don in ji ko zai karɓi amanarki in na tafi. Na kai shi wurin, na nuna masa. Ya daɗe yana soka sandarsa a ƙasa. Sannan ya ce in yi haƙuri, ba ke ba ce. Ya ce goruba biyu ne a da. Wadda na ƙirga daga gindinta an sare ta a daminar da nake kwance, an yi rufin ɗaki da ita. Ya ja ni gaba, ya tone laka da ƙafa, ga kututturen. Wadda nake tayar wa ƙasa wata baƙuwa ce da ta zo da fataken kanwa ta rasu a zango, ko sunanta ba a samu ba.

Na ce to ya nuna mini ke. Muka yi taku tara daga kututture. Wuri huɗu ne suka lotsa a jere, kusa da juna. Ya ce ɗaya daga ciki ne, amma ba zai rantse a kan wanne ba.

Na tambaye shi me ya hana shi magana shekara uku yana ganina. Ya ce da farko nauyi ya ji. Daga baya kuma ya ga addu'a ba ta ɓatan hanya, za ta sami wadda na yi dominta, ita kuwa baƙuwar ba ta da kowa a duniya, sai ga Allah ya kawo mata mai gyara. Ya ce shi bai ga dalilin da zai raba ta da ni ba.

Na yi fushi, Falmata. Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa tsoho, yau da safe na koma na ba shi haƙuri. Har yanzu raina bai huce ba, amma ban sami inda ya yi ƙarya ba. Baƙuwar ita ma daga gabas ta zo. Ita ma wani ne ya ce mata ta ɗaure kaya. Ina jin da ke ce aka tambaya, cewa za ki yi a bar mata.

Abin da ya tsaya mini shi ne wannan. Ina shirin ce wa Madugu ba zan bar matata ba, ashe na riga na ɓatar da ke tun daminar farko. Kina raye ban san abin da ke ranki ba, kin mutu ban san inda kike ba. Ni da nake rubuta Alƙur'ani da ka, ba na tsallake ɗigo ɗaya, ban lura itace biyu ne ba.

Bintu ta aiko in koma Guri in zauna da su. Na gode mata, amma ba zan iya zama a zauren suruki ina jiran akushi ba, kin san halina. Gabas kuwa wa zan tarar? Tsamiya? In na koma yanzu ni kaɗai, da wane ido zan dubi garin da na hana ki?

Bayan na ba Baba Tanko haƙuri na ari fartanyarsa. Na tayar da ƙasa a kan huɗun nan duka, na ƙara wa baƙuwar, na rufa musu ƙaya. Sai da na huta sau uku. Na yi muku addu'a ku biyar, na ambaci sunanki a kan kowane. Baba Tanko ya ce zai duba su muddin yana iya ɗaga fartanya. Ya girme ni, saboda haka na san iyakar alkawarin.

Zan ce wa Madugu na yarda. Na zo neman shawararki, ga shi kuma na sake yankewa ni kaɗai. Ki gafarce ni. Gabas kika roƙa, ni kuwa yamma zan ƙara yi. Wannan karon dai ban ce wa kowa damina biyu ba. Zan aika wa Bintu da gaskiya, cewa da wuya ta sake ganina, ta riƙa kawo Inna birni in ta yi wayo, ta nuna mata wajen fadama ta ce kakarta tana nan cikin waɗannan.

Abu ɗaya ya ɗan sanyaya mini rai. Ko a wanne kike cikin huɗun, a gefen dama muka kwantar da ke, fuskarki tana gabas. Gida kike kallo, kuma babu mai sake ce miki ki juyo. Na tambayi Madugu, ya ce mai salla a Kano in ya fuskanci alƙibla, Haɗejiya tana gabansa. Allah nake bauta wa, Shi zan fuskanta. Amma Ya san wadda take kwance a kan hanyar.

Tawadar ta kusa ƙarewa, na ƙara mata ruwa sau biyu, kin ga ta fara haske. Ba zan ƙara na uku ba. Gobe zan naɗe takardar nan in kai bakin kogi, inda kika saki ludayi.

Allah ya haskaka makwancinki, ke da maƙwabtanki huɗu. Allah ya sada mu a inda ba a ɗaure kaya.

Mijinki Bukar, wanda ya ce damina biyu.