Rijiyar Kakanmu

Hayin Banki, Kaduna

Ɗana Sharhabil,

Gaisuwa mai yawa, ya karatu a Zariya? Ubanka dai ya sake jawo wa kansa, da bakin nan da uwarka ta gaji da yi wa addu'a.

An yi suna a Kurmin Mashi, 'yan ƙauyenmu Kwarin Ɗinya sun cika tabarma. Ahmadu mai faci ya ce kakansu ne ya haƙa rijiyar gari. Na miƙe da shinkafa a baki, na rantse kakanmu ne, har na ƙara masa da kashe kura. Ni da aka kora daga aji huɗu, ga ni malamin tarihi.

Ka san mutanenmu ba sa musu. Gari ne mai gida kaɗan, rijiya ɗaya, haƙuri kamar na mugunta. Kowa ya ce, "Haka ne, Malam Tijjani." Ahmadu har da ba ni hannu. Ashe na manta: gidan da ya haƙa rijiyar, shi ke yashe ta kafin damina. Yanzu mai gari ya aiko, laka ta cika ta, mata na zuwa rafi mai nisa.

Ka zo ka shiga a madadina. Allah ya yi maka albarka.

Babanka

*

Baba,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kuna lafiya da Umma.

Na tambayi Gwaggo Dije. Ta ce kakanmu gishiri ya zo sayarwa, ya sha ruwan rijiyar, ya ƙi tafiya. Ta kuma ce ko na zo, babba a gida ne ke fara sauka, yaro sai jan guga.

Don Allah Baba, ku je ku ce kuskure ne. Gwiwarku ba ta hawa bene, balle ramin nan.

Ɗanku mai biyayya,
Sharhabil

*

Sharhabil,

Ina gaishe ka, ban da gwaggonka.

Na je majalisar 'yan ƙauyenmu in janye. Na tarar dattawa sun matsa mini wuri a kan buzu, mai shayi ya ce, "Jikan mai rijiya, madara nawa?" Tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini haka ba. Na buɗe baki, sai na ji ina ba da labarin kura ta biyu.

Asabar zan sauka. Uwarka ta daina yi mini magana, tana dai ɗinke mini tsohon wando.

Ka zo ka riƙe igiya, don girman Allah. Ahmadu ya ce shi zai riƙe.

Babanka