Darasin Ciwo Sai Wata Mai Zuwa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Yaya Auta da makaranta? Ki yi haƙuri da rubutun nan kamar tonon kaji, da hagu nake yi.

Na shiga ajin Turanci, ina zuwa in na tashi daga wurin wanki da guga. Malamar takan ba mu jimla ɗaya mu yi ta sauya mata kalma, muna maimaitawa har ta zauna a baki. Mun iya gaisuwa, mun iya godiya da ban haƙuri.

Ranar Laraba injin guga ya danne mini hannun dama. Shugabar aiki, wadda ba ta jin Hausa, ta zo tana tambaya ko lafiya. Yaya, ina jin ƙaurin fatata, na lalubi abin faɗa na rasa, sai bakina ya ce da Turanci, "Lafiya lau nake, na gode." Har da murmushin da aka koya mana. Ta gyaɗa kai ta wuce, ni kuwa na ƙarasa zannuwan gado.

Yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa, amma da sauƙi. Malamar ta ce darasin ciwo da likita sai wata mai zuwa. Allah ya kai mu.

Kada Inna ta ji. In ta tambaya, ki ce lafiya lau nake.

Ƙanwarki