Inna, Na Rubuta Ɗari da Arba'in da Uku

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ɗanki Sadi ne, mai bakin nan da ya gagare ki. Albishirinki! Na amsa goro a madadinki.

Kin bar ni ina dako a kasuwar Gudu. Tun da sojoji suka koma bariki Abuja sai tashi take, bene kan bene, ni kuwa buhu kan buhu a wuyana. Abin da ba ki sani ba, akwai wani tsohon littafin kemistiri marar bango da na saya wurin masu baza littattafai a ƙasa. Shekara uku ina cinsa tsakanin lodi da lodi, 'yan dako suna min ba'a wai Farfesa.

Makon jiya wani kamfanin sabulu a bayan Karmo ya nemi mai auna sinadarai. Mutum ɗaya za a ɗauka, mu shida muka je: biyar da kwalin digiri, ni da silifas. Ogan ya kalle ni sama da ƙasa, ya tambaya ko sauke kaya na zo yi. Wallahi Inna, amsar ta zo har maƙogwaro, mai zafi. Na haɗiye. Ki rubuta min wannan, shi ne karo na farko.

Aka dire kwalbar sodar wanki a tebur, wai mu lissafa giram nawa nata zai kashe ma'auni ɗaya na asid. Ka'idar ba wuya: ka tara nauyin duk abin da ke cikin sinadarin, ka raba da yawan cajinsa. Nauyin busasshiyar soda ɗari da shida ne, cajinta biyu, a raba biyu, hamsin da uku. 'Yan digiri suka rubuta, suka harɗe ƙafa. Ko kwalbar ba su kalla ba.

Ni na leƙa. Ba busasshen gari ba ne, dunƙule-dunƙule ne masu sheƙi kamar ƙanƙara. Sai na gan ki zaune gaban tukunyar ɗanwakenki da damina, kina ƙara kanwa fiye da ta rani, ina miki tsiwa wai ɓarna kike. Kika ce, “Jiƙaƙƙiyar kanwa rabinta ruwa ne, ruwa kuwa ba ya aikin kanwa.”

Irin wannan sodar, in ji littafina, kowace ƙwayarta da ƙwayar ruwa goma take ƙulluwa. Na haɗa nauyin ruwan da na sodar, ɗari biyu da tamanin da shida, na raba biyu, na rubuta ɗari da arba'in da uku.

Ogan ya auna, ya ɗiga asid a gabanmu. Nawa ne ya tsaya cif. Ya cire tabarau ya tambayi jami'ar da na yi. Na ce masa ta ɗanwake, reshen Karmo, shugabarta ta rasu. Ya yi dariya har da dukan tebur. Litinin zan fara, har farar riga sun gwada min.

Da na fito na rasa wa zan fara gaya wa. Ƙafata ta kai ni inda kike kafa tukunya. Shagon katin waya ne yanzu. Na tsaya a wurin ina murmushi kamar sabon mahaukaci.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ni kuma Ya kama min bakin nan, kada ya kore ni kafin wata ya ƙare.

Ɗanki mai kewarki,
Sadi