Guringuntsin Kunnen Kurciya

Maman Kurciya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Kurciya. Yaya tarin nata, ya sauka? Ki gaishe da Baba. Inna ma ki gaishe ta, in za ta amsa.

Ni dai ga ni nan. Kin mayar da ni abin dariya a layinmu: mai gyaran wayar da matarsa ba ta ɗaga masa waya. Shi ya sa na koma takarda, zan ba direban da ke bi ta wajenku.

Ba haƙuri na zo ba ki ba tukuna. Na san surukin kirki ba ya ce wa uwar matarsa dalla. Amma har gobe ban yarda 'yata kurma ce ba. Kina wurin ai. Inna na ƙoƙarin ja mata hular nan ta rufe naɗaɗɗun kunnuwan da aka haife ta da su don kada baƙi su gani, na daka tsawa, yarinya ta zabura ta fashe da kuka. Kurma na zabura? Ku duka kun ji rashin kunyata, ba wanda ya ga hujjata.

Ranar da muka kai ta asibiti, ke kuka kike, ni faɗa nake da mai ba da kati, likita na ta yi wa bango bayani. Na koma ni kaɗai. Likitar ta ce cikin kunnen lafiyarsa lau, ramin ne bai buɗe ba tun a ciki. Wato ɗakin na nan da kayansa, ƙofa ce ba a fasa ba.

Tun daga nan nake karatu a shago, tsakanin mai fasasshen gilashi da mai cajin da ba ya shiga. Turancin likitoci kamar tauna tsakuwa ne, amma na tauna. Ashe sauti ba ta rami kaɗai yake shiga ba. Yana bi ta ƙashin kai, yana kuma bi ta guringuntsi, wannan mai lanƙwasa da Inna ke ɓoyewa. In abu mai kaɗawa ya taɓa shi, sai ya ɗauki kaɗawar ya miƙa ta ciki. Na toshe kunnuwana tam, na ciro ƙaramar sifika daga wata matacciyar waya, na ɗora a kumatu, kusan shiru. Na matsar da ita kan guringuntsi, sai ga mai labarai kamar a cikin kaina yake zaune. Tela na gefe ya leƙo ya gan ni, ya je yana gaya wa mutane tafiyarki ta taɓa ni.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Likita ta ce akwai na'urar da ake sa wa irinsu, amma sai an jira, kuma yaro yanzu yake tara maganar da zai yi gobe. Ke kuwa kin daina yi mata magana. Kafin ki tafi na tsaya bakin ƙofa na ga kin yi mata wanka tas, kin shafa mata mai, ko uffan. Sai nuni da yatsa. Ke da kike hira da tukunya.

Na gaji da yawa. Ga ɗan abu nan a cikin ambulan, ki ɗaura mata.

Mijinki,
Barkono

Maman Kurciya,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin Baba, yaya ƙafar? Yaya 'yata? Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya.

Direba ya dawo min da ambulan ɗina. Ƙyallen ɗaurin kan da na ɗinke wa sifika yana ciki, an naɗe shi da kyau, da saƙon baki cewa ba a sa wa jikar Inna lantarki a ka. Na ɗauke shi a fusace na kai wa likita don ta ba ni gaskiya. Ta juya shi, ta tambaye ni da me na auna ƙarfin ƙarar. Na ce da kunnena. Ta ce kunnen da ke yini kusa da janareta? Ta ce in kuskura in sa mata, zan iya lalata ɗakin da nake taƙama da shi. Ki gaya wa Inna ita da likita sun ci. Kada ki gaya mata da daɗi.

Na zauna a bencin asibitin kamar an zare min batir. Da zan fita ta kira ni, ta ce ai akwai abin da ke kaɗawa wanda ba ya bukatar waya, kuma yana wurin uwar yarinya.

To ki ji. Ki cire hular. Ki ɗora Kurciya a cinya, ki sa leɓɓanki a kan ɗan murɗin kunnen nan na dama, wanda ya fi girma, su taɓa shi sosai. Kada ki ɗaga murya. Ki yi magana yadda kike yi, ko ki yi 'yar waƙar nan taki ta shara da ba ta da kai. Ki gwada a kanki tukuna: ki toshe kunne, ki sa ƙanwarki ta yi miki.

Na san abin da kike tsoro. Kina tsoron ki kira ta ta ƙi juyowa, ki sake jin abin da kika ji ranar farko. Ni ma shi nake tsoro, ni dai nawa da ihu yake fita. Ba na ce ki dawo ba. Ki zauna har ki huce. Amma ki yi mata magana.

Gidan ya yi ƙura. Na ƙona ƙaramar tukunyarki.

Naki,
Barkono

Maman Kurciya,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki, na gode. Ina gaida Baba, ina gaida Inna da kyau, wannan karon ba da baƙar magana ba.

Na karanta wurin da kika ce ta yi tsit, idonta ya tsaya, sannan ta kama leɓenki da yatsu tana neman inda abin ke fitowa. Na karanta shi har Tela ya haddace. Kin ce yanzu ita ke kawo miki kunnen da kanta, ta manna a bakinki ko kina cin abinci. Madalla. Makonnin nan da kika yi shiru na ɗauka kin yar da takardata ne.

Sai kuma ƙarshen. Wai Inna ta zo da hula, Kurciya ta ture hannunta, ta buɗe baki ta ce dalla. Kalmarta ta farko a duniya. Kin ce Baba ya yi dariya har ya ƙware, Inna ta ce to, uban ya biyo su har gida.

Ni ma na yi dariya. Daga baya na ja ƙofar shago na zauna a ciki.

Ke makonni kika yi kina zuba mata kalmomi masu daɗi. Wannan kuwa ta daɗe da ita. Duk zamanta a gidan nan ba abin da ya isa ya ratsa rufaffen kunnen nan sai ni, ina yi wa fanka dalla, ina yi wa mai ruwa, ina yi miki. Hujjar da na yi ta tinƙaho da ita ke nan. Iyakar abin da ta sani na muryar ubanta.

Zan zo ranar da ba na buɗe shago. Zan durƙusa wa Inna, ta faɗi duk abin da ta tara, ba zan tanka ba. Ki tsaya kusa, in kin ga bakina na motsi ki taka min ƙafa. Bayan nan ki ba ni 'yata in sa baki a kunnenta. Ban san me zan ce mata ba. Na karanta abubuwa da yawa, ba wanda ya koya min magana a hankali. Ki fara, in bi ki.

Mijinki,
Baban Kurciya