A bar tsohon dish ɗin a inda yake

Uwata,

Na fita karɓo maganina. Ban so in tashe ki ba, na ga kin dawo daga aiki a gajiye.

Mai haɗa talabijin zai zo da ƙarfe sha ɗaya. Ki ce masa na yanke shawara, kebul za a ja mana, ba sabon dish ba. Idan ya ce zai sauke tsohon ya tafi da shi, ki ce a'a, bai tare wa kowa hanya ba.

Ki yi haƙuri, jiya na hau tsani bayan kin hana ni. Iska ce ta karkatar da dish ɗin, hoto ya ɗauke ana tsakiyar labarai. Na hau na ɗan juya shi, sai na tsaya ina jira. Kin san yadda muke yi da mamanki, Allah ya jiƙanta. Tana bakin taga tana cewa, "Dama kaɗan, Malam. Ka wuce, dawo. Yawwa, ya kawo, sauko." Na daɗe riƙe da ƙarfen nan kafin na tuna ba ta nan. Sau huɗu ina sauka in leƙa falo in koma, har gwiwata ta ƙi.

Mutumin ya ce dish ya fi yawan tashoshi, na sani. Amma kebul ba ya buƙatar a juya shi. Dish aikin mutum biyu ne.

Babanki