Ƙarar Janareta

Daren Asabar, Batsari

Da la'asar muna gwajin waƙar Lahadi da matasan coci, na tayar da janareta saboda fiyano da lasifika. Sai ga maƙwabcinmu Malam Sani mahauci ya faɗo ba sallama, ya kashe injin.

"Bulus, ba ku ji baburan 'yan bindiga ba? Tun ɗazu mutane ke gudu."

Ba mu ji komai ba. Allah ya tsare, ta bayan gari suka wuce. Ni fa na roƙi iyayen Rifkatu, ɗaya daga cikin matasan, su bar ta tana zuwa daga garin Ruma, na ce tana hannuna.

Gobe ko Fada, limamin cocinmu, ya nemi a kaɗa fiyano, da baki kaɗai za mu rera, tagogi a buɗe.