Ki Ba Ni Amsar da Hausa

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a gonar zuciyata,

Ina gaishe ki da gajiyar aikin jinya, da gajiyar karatun Turancin nan da ya ƙwace mini ke tun ba ki tafi ba!

Kin tuna ranar da kika fara zuwa bencin bayan ɗakin maganinmu a lokacin hutun rana, da 'yan katunanki na haddar Turanci ɗaure da roba? Kika ce asibitin ƙasar waje ba zai ɗauke ki ba sai kin ci jarrabawa, ni ne zan riƙa yi miki tambayoyi. A wurinki na ji cewa Bature in murna ta cika shi, wai ya tsallake wata, in kuma gabansa na faɗuwa, wai malam-buɗe-littafi ne ke shawagi a cikinsa. Na ce Allah ya ba shi lafiya, ya zo in ba shi maganin tsutsa. Kika yi dariya har hularki ta zame. Wallahi tun ranar ban sake cin abincin rana da natsuwa ba.

Sai daga baya na lura da abin da nake yi wa kaina. Duk katin da kika haddace, ni da hannuna na matsar da ke kusa da jirgi. Wane irin masoyi ne wannan, mai share wa rabin ransa hanyar barinsa? Duk da haka ban taɓa so ki faɗi ba. Idan kika ci tambaya fuskarki takan waye kamar gari bayan ruwa, ni kuwa ba ni da ƙarfin hana kaina kallon hakan.

Abu ɗaya ne ke ci mini rai, farin watana. Makon jiya na tattara ƙarfin halina na tambaye ki ko in jira ki har ki dawo. Kika sunkuyar da kai, kika amsa da Turanci, wai kina zaune a kan katanga, wato ba eh ba a'a, sannan kika yi murmushi kamar darasi muke yi. Na yi murmushin ni ma, amma na yaƙe ne. Na gane Turancin ya zama miki labule. Da shi za ki iya faɗin komai ba tare da muryarki ta yi rawa ba, domin ba da shi aka rarrashe ki kina ƙarama ba, ba kuma da shi kike kuka ba.

Yayata ta ce mini, “Kai dai ka cika zurfin ciki, ka tambaye ta mana ta faɗa maka gaskiya!” To, ga ni na sake tambaya. In jira ki?

Ba na roƙon ki fasa tafiya. Ki je, ki yi jinyar mutanensu da harshensu, Allah ya ɗaukaka ki. Amma ni ki amsa mini da Hausa, kina kallon idona. In eh ce, zan jira ko da furfura za ta riga ki isowa. In kuma a'a ce, ki faɗe ta da Hausar nan dai, don ta yi mini zafi sosai har in yarda da gaske kike.

Naki, wanda zuciyarsa ba ta san ƙofar kowa ba sai taki, yau da gobe har ƙarshen numfashi,

Mai ba da magani